Galaksidi, garin matuƙan jirgin ruwa a ƙasar Girka

Motar haya da na shiga daga Atina ta bi ta Delfi, ta gangaro cikin dajin zaitun na Amfisa, inda bishiyoyi suka cika kwari iya ganin ido, sannan ta ratsa Iteya ta kama hanyar gaɓar teku. Tafiyar ta ɗan wuce kilomita 200. Daga wata kwanar hanya na hango Galaksidi a kan ɗan tudu da ya kutsa cikin ruwa, a gaɓar arewa ta mashigin tekun Koranti, a ƙololuwarsa kuma ga majami'ar Saint Nikolas, wanda matuƙan jirgi na ƙasar suke ɗauka waliyyinsu.

Yanayin wurin shi ya tsara rayuwar mutanensa. Bayan garin duwatsu ne busassu marasa albarkar noma, gabansa kuwa mashigai biyu ne da iska ba ta cika damunsu ba, Agora da Hirolakas. Saboda haka mutanen suka juya wa tudu baya suka fuskanci ruwa, har ta kai ba a haɗa garin da hanyar mota ta kirki ba sai cikin shekarun 1960, kafin nan kuwa mai zuwa Galaksidi jirgi yake hawa. Rundunar ruwa ta Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta ƙone garin a 1821, lokacin yaƙin neman 'yancin Girka, amma mazaunansa suka dawo suka sake gina shi, kuma a ƙarni na 19 jiragensu masu tafiya da iska, waɗanda a nan ake sassaƙa su, sun kai ɗaruruwa, suna fatauci har Bahar Aswad da yammacin Bahar Rum. Da jiragen tururi suka karɓe kasuwa, arzikin ya tsaya cak, iyalai da yawa suka koma Firiyas, babbar tashar jiragen ruwa ta Atina.

Yau mazauna garin ba su wuce kimanin 2,000 ba, kuma tun 2011 yana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Delfi. Wannan ƙarancin jama'a na ji shi a jikina da na shiga lunguna da hantsi, domin gidajen tsofaffin kyaftin-kyaftin masu bene, da tsakar gida da aka shafe da tsakuwar teku, da yawansu tagoginsu a rufe suke, masu su ba sa zuwa sai ƙarshen mako ko lokacin zafi. A ganina tsayawar arzikin ce ta ceci waɗannan gine-gine, don babu mai kuɗin rushe su ya kafa na siminti. Na daɗe a gidan tarihin jiragen ruwa ina kallon zanen jirage da kayan aikin matuƙa, amma abin da ya fi taɓa zuciyata yana tsallaken tashar, a wata gaɓa mai bishiyoyi da ake kira Pera Panta, wato mutum-mutumin matar matuƙi da 'ya'yanta tana ɗaga hankici. Matan nan su suka riƙe gida da tarbiyya watanni da yawa a kowace shekara yayin da mazajensu ke kan ruwa.

Da yamma bakin tashar ya ɗan farfaɗo. Dattawa suka zauna shan gahawa, masunta suna gyaran raga, ni kuma na ci gasasshen kifi da rabani, wani kayan zaƙi da a nan ake yi da shinkafa. Arzikin garin yanzu ya dogara ne ga baƙi, da masu jiragen shaƙatawa, da gonakin kiwon kifi da ke kusa. Mai masaukina ta ce in ina son ganin Galaksidi a cike, in zo ranar Litinin da Kiristocin Otodoks ke fara babban azuminsu, domin a ranar ake bikin jifa da garin fulawa mai launi, ana lulluɓe tsofaffin gidaje da leda, 'yan asalin garin da ke Atina kuma su dawo su cika bakin tashar.