Abin da jijiyar hanta ta koya min a aji biyu

Jiya ina kwashe kayana daga ɗakin da na zauna a Samaru na ci karo da zanen jijiyar fotal, wato babbar jijiyar da ke kai jinin hanji cikin hanta, da na yi a aji biyu na karatun likitanci, sai ranar nan ta dawo min sabuwa.

Jarrabawar baka ce ta anatomi, wato ilimin sassan jikin mutum. Na haddace zanen tas, na san jinin hanji da tumbi da saifa ba ya komawa zuciya kai tsaye sai ya fara bi ta hanta an tace shi, kusan kashi 75 cikin 100 na jinin da hanta ke samu ta nan yake shiga. Malam bai tambayi wannan ba. Cewa ya yi mai ciwon hanta ya zo yana aman jini, daga ina jinin? Na ce gyambon ciki. Ya ture takardata gaban mutum shida ya ce in je kasuwar Sabon Gari in nemi rumfa. Na yi kuskure ban musa ba, amma wallahi maganar nan har yau ban ga dalilinta ba, kuma sai da na sake jarrabawar.

Wajen shirin sake jarrabawar na gane. Idan hanta ta taurare jini ya rasa wajen wucewa ɓarauniyar hanya yake nema, ta ƙasan maƙoshi, ta gefen cibiya, ta dubura, jijiyoyin wajen kuma ƙanana ne ba za su iya da wannan lodin ba, sai su kumbura, na maƙoshin su fashe. Da muka fara shiga ɗakin majinyata aka kawo wani dattijo mai ciwon hanta nau'in B, ciki a kumbure, kwano cike da jini, cikin ɗalibai ni na fara faɗin inda jinin ke fitowa.

Sauran jijiyoyin ma a haka na bi su. Jariri a ciki bai fara numfashi ba, shi ya sa yawancin jininsa ke tsallake huhu ta ƙofar da ke tsakanin ɗakunan zuciya na sama da wata gajeruwar jijiya, iskar daga mabiyiya take zuwa. Zoben Willis, wato zoben jijiyoyin jini na ƙasan ƙwaƙwalwa, in gefe ɗaya ya toshe ɗayan na iya kawo ɗauki.

Ƙannena 'yan aji biyu, duk jijiyar da kuka zana ku tambayi kanku, in ta toshe jinin ina zai bi. Malam kuwa muna gaisawa a masallaci, ban taɓa ba shi labarin dattijon ba.