Abin da Gasar 'Yan Dagaji Ta Koya Mini a Sashen Wasanni

A watan Yulin 2022, lokacin da Kano Pillars ta faɗo daga gasar Firimiyar Najeriya tare da Katsina United da Heartland ta Owerri da MFM ta Legas, ban cika shekara guda da fara aiki a sashen wasanni na wani gidan rediyo a nan Kano ba. Abin da na sani a lokacin game da gasar rukuni na biyu, wadda ake kira NNL a taƙaice, bai wuce sunanta ba, sai kuma laƙabin da masu sharhi suka maƙala mata na gasar 'yan dagaji. Mu da muka taso muna cika filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, muka ga Masu Gida, wato Pillars, sun ɗauki kofin Firimiya a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ba mu taɓa ganin dalilin leƙa abin da ke gudana a ƙasa da mu ba.

Wannan rainin ne ya ja mini kunya ta farko a bakin aiki. A kakar 2023, a cikin wani shiri na kai tsaye, na shaida wa masu sauraro cewa muddin Pillars ta kammala wasannin rukuninta tana saman teburi, to ta koma Firimiya ke nan. Na faɗi haka ne da cikakken ƙarfin gwiwa, domin a zuciyata ina kwatanta gasar da takwararta ta Ingila, inda ƙungiyoyi 24 ke kan teburi ɗaya, ta farko da ta biyu su haye kai tsaye. Kafin a rufe shirin wani dattijo ya bugo waya, ya yi sallama, ya ce: "Ɗana, ka koma ka karanta dokokin bana, domin akwai sauran rina a kaba." Gaskiyarsa ne. Washegari maigidana a wurin aiki bai yi mini faɗa ba, sai dai ya ce kada in sake buɗe baki a kan gasar sai na rubuto masa tarihinta da yadda ake gudanar da ita.

Tarihin ba shi da tsawo. An fara gasar ƙasa a 1972 da ƙungiyoyi shida, Mighty Jets ta Jos ta zama zakarar farko, sannan Raccah Rovers ta nan Kano ta ɗauka a 1978. An samar da rukuni na biyu a 1979, aka shiga tsarin ƙwararru a 1990, shekarar da aka haɗe ƙungiyoyi uku na Kano aka kafa Pillars. Daga 1997 ne aka raba rukuni na biyu gida biyu, Arewa da Kudu, ƙungiyoyi biyu daga kowane ɓangare su haye. A wasu kakannin an koma rukunoni huɗu, zakaran kowane rukuni ya wuce kai tsaye, daga baya a dawo gida biyu, daga baya kuma a sake karkasawa. A ƙarƙashinta akwai gasar rukuni na uku da ake kira NLO, wadda nan ne waɗanda suka gaza suke gangarawa.

Da farko na ɗauki wannan yawan sauye-sauye a matsayin rashin tsari kawai, kuma haka na rubuta wa maigidan nawa. Sai da na bi motar wata ƙaramar ƙungiya zuwa wasan waje na fahimci cewa hanya ce da aljihu suke zana wannan gasa, ba ƙwallo ba. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, kuma ƙungiyar da ke jiran kuɗin gwamnatin jiha ko na wani attajiri guda ɗaya ba za ta iya yin irin wannan tafiya kowane mako biyu ba, ga kuɗin mai, ga masauki, ga abinci, ga alawus na 'yan wasa da masu horarwa. Ko a cikin Arewar ma, Kano zuwa Maiduguri ya haura kilomita 500, ga shingayen bincike da fargabar tafiyar dare. Na ga 'yan wasa sun wuni a zaune cikin bas, gwiwoyinsu a takure, sun isa bayan isha'i, sun kwana uku-uku a ɗaki, washegari da la'asar an hura musu usur. Tun daga ranar na daina dariyar ƙungiyar da ba ta cin wasa a waje, ko da yake ba na musun cewa matsin lambar da alƙalan wasa ke sha a filayen da babu isasshen tsaro yana da nasa kason a cikin wannan lamari. Duk lokacin da aka makara wajen fara kaka, ko kuɗi ya yi ƙaranci, abin da masu shirya gasar ke yi shi ne su ƙara yawan rukunoni domin wasanni su ragu, tafiya ta gajarta. Ke nan wanda ya haddace tsarin bara ya hau rediyo da shi bana, zai iya maimaita irin kuskurena.

Abin da dattijon nan yake nufi shi ne wasannin ƙarshe da ake kira Super 8, inda a wancan lokacin ake tara ƙungiyoyi takwas a gari ɗaya, huɗu daga Arewa, huɗu daga Kudu, kowane ɓangare su kara da juna, biyun da suka fi maki su sami gurbi a Firimiya. A 2023 an yi su ne a filin wasa na Stephen Keshi da ke Asaba, kuma daga nan Pillars da Katsina United suka dawo, Heartland da Sporting Lagos suka cike guraben Kudu. A ra'ayina tsarin yana da tsauri, domin wahalar watanni tana iya rushewa cikin wasanni uku a mako guda, idan mai tsaron raga ya ji rauni ko aka kori ɗan baya da jan kati. Amma yana da wani alheri da ban gane ba sai da na kalla: babu mai gida, babu baƙo, kuma idon hukuma da na 'yan jarida yana kan fili ɗaya.

Laƙabin 'yan dagaji ma na rage amfani da shi. Bayelsa United tana rukuni na biyu ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2021, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta maimaita haka a 2024. Remo Stars ta Ikenne, wadda ta hau ta faɗo fiye da sau ɗaya, ita ce ta zama zakarar Firimiya a 2025. A ɗaya gefen kuma Mighty Jets, zakarar farko, ta shafe shekaru a wannan rukuni tana neman hanyar komawa.

Akwai abu guda da har yanzu bai kwanta mini ba, wato yadda gurbi ke iya sauya hannu a wajen fili. A 2024 Beyond Limits ta sami hayewa, amma da yake mai ita shi ne mai Remo Stars, kuma doka ba ta yarda mutum ɗaya ya mallaki ƙungiyoyi biyu a gasa ɗaya ba, sai gurbin ya koma hannun Heartland, wadda a kakar ce ta faɗo. Na kasa samun kalmomin da zan yi wa masu sauraro bayanin hakan ba tare da sun tambaye ni amfanin buga wasannin ba.

Da Barau FC ta Kano ta je Asaba a 2025 ta samo gurbin Firimiya, ni aka ba alhakin bin labarinta tun daga wasannin rukuni. Kafin shirin farko na nemi takardar dokokin kakar, na karanta ta sau biyu, na ja layi a ƙarƙashin sashen da ya yi bayanin abin da za a duba idan ƙungiyoyi biyu suka yi kunnen doki a maki, na ajiye ta kusa da makirfo.