Daga Maraɗi zuwa gindin teku: abin da taru ke kawowa a kowane zurfi

Mota ta tashi da mu daga Maraɗi bayan sallar asuba, muka bi ta Birnin Ƙonni, Dogon Dutse da Doso, muka kwana Gaya. Wannan kafin a rufe gadar Malanbil a 2023 ne, don haka washegari a mota muka ƙetare kogin Kwara, muka gangara ta Kandi da Paraku har Kwatano. Sama da kilomita 1,300 ne, ba kuma abin ba da labari a ciki sai ƙura da ciwon baya. Aikin da ya kai mu shi ne awon kifin ƙasan teku: kwana uku a cikin ƙaramin jirgi mai jan taru, a ja a zurfi daban-daban, a auna abin da ya fito, a rubuta.

Wanda ya saba da tafkin Madarunfa, inda zurfin bai wuce ƴan mitoci ba, yakan ɗauka da an bar gaɓar teku sai rami. Ba haka ba ne. Ƙasa tana gangarawa a hankali kamar dakali mai ɗan karkata, har zurfi ya kai wajen mita 100, daga nan ne take zarcewa ƙasa kamar bakin kwazazzabo. A gaban Benin dakalin nan siriri ne, tsakanin kilomita 20 da 30 da ɗoriya, kamar daga Maraɗi zuwa Madarunfa a ƙara kaɗan. A gaban Gini kuwa ya fi kilomita 150. Kusan duk kifin ƙasa da ake ci a kan dakalin nan yake.

Kafin kowane ja, ana sauke ma'aunin zafi da gishiri har gindi a ɗago. Nan ne sirrin aikin yake. A watan Maris ruwan saman teku yana wajen digiri 28 zuwa 29, kuma haka yake tafiya har mita ashirin da wani abu. Daga nan alƙalumma sai su fara zubewa da sauri, kafin mita 60 an koma ƙasa da digiri 20. Duk wanda ya taɓa shiga tafki da bazara ya ji ƙirjinsa cikin ɗumi ƙafarsa cikin sanyi ya san abin. Ruwan ɗumi ya fi sauƙin nauyi, yana zaune bisa mai sanyi kamar mai a kan miya, ba sa garwaya. Wannan iyakar ɗumi da sanyi ita ce katangar da ta raba kifayen, ta fi zurfin kansa tasiri. Na biyu shi ne irin ƙasar: akwai fadama mai laka, akwai jigawa mai yashi, akwai fako mai dutse. Manomi ya san gero ba ya son inda shinkafa ke so, to kifi ma haka.

Tarun buhu ne dogo mai fiffike biyu. Leɓensa na sama an jera masa ƙwallaye masu iyo, na ƙasa an ɗaura masa sarƙa don ya riƙa shafar ƙasa. Alluna biyu masu nauyi, ɗaya a kowace daga wayoyi biyun da jirgi ke jan tarun da su, su ke buɗe bakinsa: ruwa na dukansu suna baje wa juna. Tsawon wayar da ake saki kamar ninki uku ne na zurfin, a ruwa marar zurfi har ninki biyar. In waya ta gaza, allunan za su tashi daga ƙasa a yi ta jan ruwa a banza. In ta yi yawa, su kwanta su nutse cikin laka. Gudun jirgi kilomita biyar da rabi a awa, ja minti 30, ana fara ƙirga daga lokacin da taru ya zauna a ƙasa, ba daga lokacin da aka jefa shi ba. Wato an shafe tsawon kilomita 2.8. In faɗin bakin mita 15 ne, an share wajen hekta huɗu ke nan. Da wannan lissafin ake raba nauyin kamu don a iya kwatanta wuri da wuri. Idan an ɗago, mutum ya fara duba ƙasan allunan: in suna ƙyalli, sun goge ƙasa yadda ya kamata.

Ja na farko a mita 15 muka yi, cikin ruwa mai duhu-duhu, ƙasa laka. Da aka kwance bakin buhu abin ya zube a dandamali, sai na ji wani gurnani ƙasa-ƙasa. Kifin da ake kira bar a Kwatano ne, Pseudotolithus a littafi, dogo fari mai ruwan azurfa, yana kaɗa jakar iskarsa da tsoka ya fitar da sauti. In ka fasa kansa za ka ga ƴan duwatsu farare, na ji ne da daidaita jiki. A ruwan da ido ba ya gani, ji da taɓawa su ne jari. Shi ya sa maƙwabcinsa, wanda suke kira kapiten, yake da zare-zare a ƙirji yana laluben laka da su. A kula, ba giwan ruwanmu ba ne da ake kira kapiten a Yamai, suna ne kawai ya zo ɗaya. Akwai kuma tarwaɗar teku mai gashin baki. Wani dattijo ɗan Zangon Kwatano da ke cikin ma'aikatan jirgin ya ɗauki ɗaya ya matse mata baki, sai ga ƙwai manya kamar ƙwallon magarya.

"Malam, namijin ne wannan," ya ce. "Shi ke goyon ƙwan a baki, ba ya cin komai sai sun ƙyanƙyashe."

"To Baba, ƙayar fa?"

"Ita ce ba a wasa da ita. Ku ture shi da tsinken ƙarfe, kada ku sa hannu."

Ƙaya uku gare shi, ɗaya a baya biyu a gefe, masu zarto da dafi. Sauran kamun ƙananan jatan lande ne, ƙaguwa mai iyo, da kifi mai faɗi kamar harshe wanda idanunsa biyu ke gefe guda. Rabewa ta ɗauke mu fiye da awa, domin iri-irin sun yi yawa kuma yawancinsu ƙanana ne. Bakin gaɓa gidan reno ne, shi ya sa jan taru a nan ɓarna ne, mu ma don awo ne aka ba mu izini.

A mita 30 zuwa 40 muna kan iyakar nan ta ɗumi da sanyi, kamun kuwa ya zo a gauraye. Wanda ya fi yawa ɗan ƙaramin kifi ne mai babban ido, Brachydeuterus auritus, wanda bai damu da katangar ba, ana samunsa sama da ita da ƙasa da ita. Haka ma wani dogo siriri kamar takobi mai haƙora. Nan ne kuma gidan babban jatan lande mai ruwan hoda, wanda shi ne kuɗin. Rayuwarsa biyu ce: a teku ake haihuwarsa, ƙananan su shiga tafkin Nokuwe da ke bayan Kwatano su girma ƴan watanni, sa'an nan su komo lakar teku. Da rana yana binne kansa, da dare yake fitowa. Mun ja wuri ɗaya da azahar da kuma bayan isha'i, bambancin ba ya ɓuya. Wannan ya sa ba a haɗa awon rana da na dare a lissafi ɗaya. Jatan lande kuma ba ya jira: in bai shiga ƙanƙara nan da nan ba, kansa ya fara baƙi, farashi ya faɗi. A wannan zafin, kilo ɗaya na kamu kilo ɗaya na ƙanƙara yake so, ana shimfiɗawa hawa-hawa.

Rana ta biyu muka yi asara. Wajen mita hamsin da ƴan kai akwai tsohon jerin dutsen murjani da ya mutu, yana bin gaɓar Benin da Togo kamar kunya a gona. Na'urar auna zurfi tana nuna shi: zanen ƙasa sai ya yi kauri ya yi tsini-tsini. An makara wajen karkata jirgi, waya ɗaya ta yi tsai, jirgin ya karkace. Dabarar ita ce a rage wuta nan take, a saki waya, a koma baya kan wurin a ɗaga a tsaye. In aka ce za a fizge da ƙarfi, waya ce za ta tsinke, kuma tsinkakkiyar waya a dandamali kisa take. Mun samu tarun da yagaggen ciki, aka yi rabin yini ana ɗinki, aka soke wannan ja daga lissafi. Kifin wurin na masu ƙugiya ne: jan kifi mai kauri da suke kira karp ruj, da meru mai ƙaton baki. Masu kwale-kwale sun san kowane dutse, suna zama a kansa da dogon zare.

Ƙetaren dutsen, a mita 70, kamar an shiga wata kasuwa. Kifin da ya zube da sanyinsa a hannu. Babu bar, babu tarwaɗa, fari ya ƙare. Abin da ke gabanmu ja ne da ruwan hoda: dangin dorad, wato Dentex da Pagellus, masu faɗin jiki da manyan idanu. Dalilin launin shi ne ruwa yana fara shanye jan haske tun a mitocin farko, saboda haka a can ƙasa jan kifi baƙi-baƙi yake, ba a ganinsa. Da yawa sun fito ciki a kumbure, wasu tumbi ya leƙo ta baki. Kowace mita goma tana ƙara matsi daidai da nauyin iskar da ke kanmu a tudu, to a mita 70 kifi yana ƙarƙashin ninki takwas na abin da ke kanmu. In aka ɗago shi cikin ƴan mintuna, iskar jakarsa ta buɗe ta ture kayan ciki. Irin wannan ko an mayar da shi ruwa ba ya iya nutsewa. Marasa ƙashin baya ma sun canza: taurarin teku, bushiyar teku mai ƙaya, katantanwa, da sesh mai feshin baƙin tawada. Sesh a ware ta tun farko, in ba haka ba ta ɓata kwando guda.

Ja na ƙarshe a bakin gangara muka yi, mita ɗari da ɗoriya, mun saki waya sama da mita 300. Nauyin kamun ya ragu, kifayen ƙanana masu laushin nama, ba su da kasuwa. Ƙasa da nan, inda wayarmu ba ta kai, akwai wani jatan lande na zurfi daga wajen mita 150 zuwa 400, sa'an nan jar ƙaguwa can ƙasa da shi.

Wannan jeri ba mu muka gano shi ba. A 1963 da 1964 an yi babban awo da taru a duk gaɓar tekun Gini, kuma a shekarun nan ne Alan Longhurst, wanda ya yi aiki a Firitawun da Legas, ya kasa kifayen gida-gida: na laka mai ɗumi, na sanyi, na dutse, na gangara. Amma katangar ba a kafe take ba. Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da muke tsakiyar damina a Maraɗi, ruwan sanyi yana tasowa daga ƙasa a gaban Kodebuwa, Gana, Togo da Benin, jan kifi ya biyo shi har kusa da gaɓa. Wanda ya auna mita 25 a Maris ya koma a Agusta zai rantse ba wuri ɗaya ba ne. Akwai kuma sauyi na shekaru: daga farkon shekarun 1970 wani kifi mai taurin fata, Balistes, ya mamaye tsakiyar dakalin daga Senegal zuwa Najeriya, ya kuma ja baya a ƙarshen shekarun 1980.

Da na komo Maraɗi na tsaya wajen wata mai sayar da kifin kwali, na ce ta buɗe mini in gani. Shinshar ne da makaro, bayansu shuɗi-shuɗi, cikinsu fari, jiki kamar ƙoshiya. Waɗannan masu yawo ne a tsakiyar ruwa garke-garke, ba ƴan gindi ba ne, da wani irin taru daban ake kama su. Can gefe akwai jajaye guda huɗu masu manyan idanu, ta ce sun fi tsada kuma ma'aikata ne ke saye.

"Hajiya, waɗannan daga ruwan sanyi suka fito," na ce.

Ta ce, "Ai dukansu daga firiza suke, Malam. Kilo nawa za a auna maka?"