Yadda na kai jawaban manhajar 'yanci ɗakin karatun garinmu

Ban ma gama zama ba Hajiya mai kula da ɗakin karatun garinmu ta dubi filashin bidiyon jawabai kan manhajar 'yanci da na ajiye mata a kan tebur, ta ce, "Ɗan nan, wannan kayan da ka kwaso, masu shi sun yarda a raba?"

Na yi caraf na ce, "Ai kyauta ne, Hajiya."

Ta ce, "Ba kuɗi na tambaye ka ba. Fina-finan da yara ke turawa a bakin kasuwa su ma kusan kyauta ne, amma da yawansu na sata ne. Nan wurin gwamnati ne."

Na yi shekaru ina amfani da Linux, manhajar 'yanci da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, ina cika wa abokai kunne da zancen manhajar 'yanci, sai ga wadda ba ta taɓa jin sunan abin ba ta kama ni a daidai gaɓar da ta fi muhimmanci. A Turanci kalma ɗaya ce ke ɗauke da ma'anar kyauta da ta 'yanci, shi ya sa masu wannan harka suke ta fama da bayani tun da Richard Stallman ya sanar da aikin GNU, na ƙera tsarin tafiyar da kwamfuta mai 'yanci, a watan Satumba na 1983. Mu Hausawa muna da kalmomin biyu daban, amma duk da haka na ɗauko wadda ba ita ba. Abin da ake nufi shi ne 'yanci huɗu: ka yi amfani da manhaja yadda ka ga dama, ka duba yadda aka ƙera ta ka gyara, ka kwafa ka ba wani, ka kuma raba wadda ka gyara. Na uku shi ne amsar Hajiya. Washegari na dawo mata da takardun lasisin a buge, ta sa tabarau ta karanta, sannan ta ba ni ranar Asabar in nuna wa jama'a jawaban.

Sana'ata gyaran kwamfuta ce da buga takardu. Jawaban kuwa na tara su ne a hankali, da garaɓasar data ta tsakar dare. Mafi yawa daga FOSDEM suke, taron da ake yi kowace shekara a birnin Brussels na Beljiyam, wajen ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, ba kuɗin shiga, kuma suna ɗora bidiyon jawaban don kowa ya sauke. Akwai na LibrePlanet, taron Free Software Foundation da aka kafa a 1985 a Amurka, da kaɗan daga taron masu Debian, wani nau'in Linux, har da wanda aka yi a Cape Town a 2016. Akasarinsu suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons da ya yarda a kwafa, a raba, a ma sauya, muddin an ambaci mai shi.

Na zaɓi 16 ga Satumba 2023, don ta dace da Ranar 'Yancin Manhaja, wadda ake yi Asabar ta uku ta watan Satumba. Na aro majigi, na rataya farin zanen gado a jikin kantar littattafai. Mutum goma sha wani abu suka zo, yawancinsu ɗalibai masu shirin jarrabawa da dama can suna wurin. Na kunna musu jawabin kusan awa guda wanda ni ya burge ni ƙwarai. Kafin minti ashirin rabinsu sun koma kan wayoyinsu, wani dattijo ya fara gyangyaɗi. Mai jawabin yana zuba Turanci da sauri, da karin harshen da ko ni sai na kasa kunne, yana barkwancin da 'yan ɗakin taron can kaɗai ke wa dariya. Da aka ɗauke wuta, wallahi na ga sauƙi a fuskokin mutane. Ni ma na ji shi.

Laifina ne. Na ɗauka abin da ya motsa ni zai motsa kowa, na manta cewa ni na shekara biyar ina cikin abin kafin in fara fahimtar waɗannan jawabai.

Dabarar da ta cece ni ba sabuwa ba ce, ta karatun zaure ce: a ja baƙi, a tsaya, a fassara. Na koma kunna minti biyu ko uku, in dakatar, in faɗi abin da aka ce da Hausa, in kawo misali daga nan gida, sannan a yi tambaya. Jawabin minti goma sha biyar sai ya ci mana awa ɗaya, ba wanda ya yi barci. Na kuma daina farawa da aƙida. Ina farawa da ciwon da mutum ya zo da shi. Ɗalibar da manhajar rubutunta ta jabu ke ta neman lambar rajista, sai in sa mata LibreOffice. Mai ɗaukar hoton biki, GIMP. Mai haɗa wa'azi da karatu a sauti, Audacity. VLC kuwa kusan kowa yana da ita a waya ko kwamfuta, kuma in na ce musu ita ma manhajar 'yanci ce, mamaki suke yi. Sai bayan abu ya yi wa mutum aiki yake tambayar su wa suka yi shi, kuma me ya sa suka bar shi a buɗe. A lokacin ne jawabi ke shiga kunne.

Kuskuren da ya fi ba ni kunya na yi shi ne a kan jawabin Stallman kansa. Akwai gajeren jawabinsa na TEDx a Geneva a 2014, wanda ya fi duk abin da nake da shi sauƙin fahimta. Na yanke shi, na cire wuraren da na ga ba su shafe mu ba, na ɗora muryata da Hausa a kai, na fara turawa mutane ina jin na yi abin kai. Wani abokina ne ya ce in sake duba lasisin. Ashe irin wanda ya yarda a raba ne amma ya hana a raba wanda aka sauya. Stallman yana bambanta manhaja, wadda kayan aiki ce, da maganar da ke bayyana ra'ayin mutum, wadda yake ganin bai kamata wani ya datse ta ya sa masa abin da bai faɗa ba. Kana iya yarda da shi ko ka ƙi. Ni har yanzu ina ganin wannan matsayi yana wahalar da masu harsuna irin namu, da sai an fassara mana kafin mu amfana. Amma sharaɗin mai abu ne, kuma ni ne na yi wa Hajiya alkawarin ba za a raba abin da ba a yarda ba. Na goge nawa, na bi waɗanda na turawa na ce su goge. Yanzu ina kunna shi yadda yake, bayanin kuma in yi shi da bakina a matsayin nawa. Tun daga ranar ba na taɓa bidiyo sai na karanta lasisinsa, shi kaɗai, ba na taron gaba ɗaya ba.

Ɓangaren intanet ya zo daga baya, da na fara naɗar bayanin da nake yi da Hausa. Na ɗora su a PeerTube, manhajar bidiyo ta 'yanci da ƙungiyar Framasoft ta Faransa ke haɓakawa, wadda ta fito sosai a 2018. Ba kamfani ɗaya ke riƙe da ita ba, uwayen garke ne daban-daban da ke magana da juna, kuma akwai maɓallin saukewa a fili. Abu ɗaya da ya kamata mai kallo a waya ya sani: tsarinta yana iya sa na'urarka ta riƙa miƙa wa wasu masu kallo guntayen bidiyon, wato datarka na fita ta nan ma. Ana iya kashe wannan, kuma ina gaya wa kowa ya kashe. Gaskiyar magana dai, mutanenmu suna WhatsApp da Facebook ne. Don haka asalin bidiyon yana PeerTube, gajeren yanki kuma in tura inda jama'a suke. Duk bidiyon da zan raba sai na matse shi da HandBrake ya ƙanƙance, domin wanda zai kalla a ƙaramar waya ba ruwansa da kyan hoto in dai rubutun kan allo na karantuwa.

Rubutun fassara na ƙasan bidiyo ma ya ba ni wuya. Na kwana biyu ina rubutawa, da na kunna sai duk ƙ da ɗ da ɓ suka koma alamar tambaya. Ajiye fayil ɗin a tsarin UTF-8 ne maganin, da zaɓen salon haruffa mai ɗauke da masu lanƙwasa, irin DejaVu.

Abin da ya fi komai tafiya shi ne wanda ban shirya ba. Na ajiye wata tsohuwar kwamfuta mai Linux a kusurwar ɗakin karatun, cike da jawaban, da manhajojin, da Kiwix mai buɗe Wikipedia ba tare da intanet ba, har da ta Hausa. Sai wurin ya koma kamar shagon masu turi: mutum ya zo da mimori ko filashi, a zuba masa, ya tafi. Ƙwayar cutar nan da ke mayar da fayilolin filashi 'yan gajerun hanyoyi ba ta kama na'urar, abin da ya sa ma'aikatan wurin suka fara kallonta da mutunci. A kowane kundi na sa ɗan rubutu da Hausa: wane ne mai jawabin, a ina aka yi, me lasisin ya yarda da shi. Hajiya ce ta ce a ajiye littafin rajista a gefe, a riƙa rubuta abin da aka ɗauka. Da na duba shi bayan wata uku, na ga Wikipedia da LibreOffice sun cika shafuka, jawaban da na fi ji da su kuwa sai jefi-jefi.

A cikin jawaban akwai wanda ya ambaci Koha, manhajar sarrafa kundin ɗakin karatu da aka fara yi wa wani ɗakin karatun jama'a a New Zealand wajen 1999, aka kuma sake ta a matsayin manhajar 'yanci. Na wuce wurin da sauri don na ɗauka ba wanda zai damu. Bayan an watse Hajiya ta kira ni, ta nuna mini akwatunan katin littattafai da ke bayan kujerarta, waɗanda asu ya fara ci.

"Ɗan nan, waccan ta masu laburare da aka faɗa, ita ma an yarda a ɗauka?"

Na ce an yarda. Ta ce to in zo ranar Litinin da safe, kafin ɗalibai su cika wurin.