Yadda na fitar da farashin buhu daga ciniki uku a Farin Gada

Kawuna dillalin kayan gwari ne a kasuwar Farin Gada da ke Jos. Dankalin Turawa yake saukewa daga Bokkos da Mangu, sai kabeji da karas. Da ya tafi Umara sai ya bar wa yaron shago littafi. Yaron ya riƙa rubuta buhunan da kowa ya ɗauka da jimillar kuɗin da ya biya, amma nawa aka sayar da kowane buhu, wannan bai rubuta ba. Kafin Kawu ya dawo yaro ya tafi garinsu, waya kuma ba ta shiga. Ga manoma suna jiran kuɗinsu, mai dankali daban, mai kabeji daban, mai karas daban, kowa a cire la'ada a ba shi nasa.

"Ɗana, kai da kake karatun lissafi a jami'a, duba mini wannan shafin," in ji Kawu. Ciniki uku ne na wata Talata. Na farko ya ɗauki dankali 2, kabeji 5, karas 3, ya biya naira dubu 230. Na biyu dankali 1, kabeji 2, karas 1, dubu 95. Na uku dankali 3, kabeji 4, karas 4, dubu 280.

Abu uku ne ba a sani ba, bayani kuma uku. A sakandare da x da y da z za a sa ka yi, kana cusa wannan ikweshon cikin wancan har takarda ta cika. Ni dai tun da na iya matriks ban ƙara komawa can ba, domin haruffan ba sa aikin komai sai cika ido. Lambobin kaɗai ake jerawa, kowane ciniki layi guda, kowane kaya ginshiƙi guda, a ja sanda a sa kuɗin a bayanta. Wannan ƙarin ginshiƙin na kuɗi shi ke sa duk abin da ka yi wa kaya ya shafi kuɗinsu a lokaci ɗaya:

2  5  3 | 230
1  2  1 | 95
3  4  4 | 280

Abu uku kawai aka yarda ka yi. Kana iya musanya layi biyu. Kana iya ninka layi ko raba shi da kowace lamba banda sifili. Kana kuma iya ninka wani layi ka ɗebe shi daga wani, ko ka tara. Da na gaya wa Kawu haka, na ukun ne ya tsaya a kansa, sai na ce: "Kawu, in mai ciniki na biyu ya dawo ya sake ɗaukar irin kayan nan, dubu 190 ke nan zai biya gaba ɗaya ko?" Ya ce ƙwarai. Na ce to a cire wannan daga cinikin na farko, me ya rage? Bai ko taɓa biro ba ya ce kabeji ɗaya da karas ɗaya, dubu arba'in. Rage layi ke nan ya yi bai sani ba.

Na fara da ɗaga layin da ya soma da 1 zuwa sama. Ba dole ba ne, amma in ka bar 2 a can ka raba, tun a matakin farko rabi-rabi za su shigo maka, kuma daga nan ake fara tuntuɓe. Sannan na ɗebe ninki biyu na layin farko daga na biyu, ninki uku daga na uku, don ƙasan wannan 1 ɗin ya zama sifili duka:

1  2  1 | 95
0  1  1 | 40
0 -2  1 | -5

Lambobin ƙasa da sifilin nan ba abin tsoro ba ne. Layi na uku cewa yake yi kabeji biyu sun fi karas ɗaya da dubu biyar. Saura a kashe -2 ɗin, sai na tara masa ninki biyu na layi na biyu, ya koma 0 0 3 | 75. Karas uku dubu 75, ɗaya dubu 25. Daga nan hawa ake yi: kabeji da karas 40, kabeji ya zama 15. Layin sama kuma, 95 a cire 30 a cire 25, dankali dubu 40. Na mayar da su cikin cinikin asali na uku, 120 da 60 da 100, ya ba da 280 cif. Cikin na asali nake nufi, wanda yaro ya rubuta. In ka gwada a layin da ka riga ka juya, kuskuren da ya shiga tun farko zai yi ta gaskata kansa.

Sifilan nan na ƙasa sun ba lambobin siffar matakala. Akwai masu ci gaba da share saman matakalar ma, har hagu ya zama 1 a karkace, sifili ko'ina, amsa ta tsaya a ginshiƙin ƙarshe. Wannan ita ce hanyar da ake jingina wa Gauss da Jordan. Shi Jordan ɗin, Wilhelm, Bajamushe ne masanin safiyo, a littafinsa na 1888 ta fito. Gauss kuwa da lissafin kewayawar Pallas, wani dutsen sararin samaniya, ya yi aiki da tasa. Amma abin da ya fi burge ni shi ne Sinawa sun riga su da ƙarnoni masu yawa. Babi na takwas na tsohon littafin lissafinsu mai babi tara, wanda Liu Hui ya yi wa sharhi a shekarar 263, da dammunan hatsi iri uku ya buɗe, mai kyau da matsakaici da na baya, ana neman abin da kowane dami ke bayarwa. Da tsinkaye suke jera lambobin a kan allo. Matsalar amfanin gona ce tun asali. A aikin hannu ni matakala ta ishe ni, sai in hau da ƙafa.

Shafin Laraba ne ya fi koya mini abu. Ciniki biyun farko iri ɗaya ne da na Talata, masu lodin ne suka dawo, amma na ukun ya ɗauki dankali 3, kabeji 7, karas 4, ya biya dubu 325. Na bi matakan nan dai, layi na uku ya fito 0 1 1 | 40, daidai da na biyu, da na ɗebe sai ya zama

0  0  0 | 0

Layin ya ɓace. Dalili kuwa mutumin nan kayan na farko da na biyu ya ɗauka a haɗe, bai zo da wani sabon labari ba. A ido ciniki uku ne, a lissafi biyu ne. Abin da za a iya faɗa kawai shi ne kabeji da karas sun tashi 40, dankali kuma ya fi karas da 15. Karas 25, kabeji 15, dankali 40 ya yi daidai. Karas 30, kabeji 10, dankali 45 shi ma ya yi daidai. Da cusa x cikin y nake yi, da sai in yi ta zagaye ina zargin kaina. Matriks ya nuna mini ƙarara cewa littafin ne bai wadatar ba. Muka juya shafi muka samo ciniki na huɗu na ranar, wata mai abinci da ta ɗauki karas biyu kaɗai a dubu 50. Layinta 0 0 2 | 50 ne, kuma sifilan nan dole a rubuta su, don in ka bar gurbin fanko lambobi sai su zame zuwa ginshiƙin da ba nasu ba. Shi ya warware maganar.

Na Alhamis ya fi wannan. Kayan iri ɗaya da na Laraba, amma na ukun dubu 320 ya biya. Layin ƙarshe ya fito 0 0 0 | -5, wato babu dankali, babu kabeji, babu karas, amma akwai giɓin dubu biyar. Babu farashin da zai daidaita wannan shafin. A aji cewa ake yi ba shi da amsa a wuce. A kasuwa kuwa yana nufin wani abu ya faru. Kawu na ganin sunan ya yi dariya ya ce tsohon abokin ciniki ne, shi da kansa ya ce a riƙa yi masa ragi in ya ɗauki da yawa. Muka mayar da dubu biyar ɗin a gefe a matsayin ragi, daga la'adar Kawu za ta fita ba daga kuɗin manoma ba.

Wata dabara da na riƙe tun daga aikin nan ita ce ginshiƙin tsaro. A gefen kowane layi ina rubuta jimillar lambobinsa, layin 1 2 1 | 95 ya zama 99, na 2 5 3 | 230 ya zama 240. Duk abin da na yi wa layi ina yi wa jimillar. 240 a cire ninki biyu na 99, wato 198, saura 42, sabon layin kuma 0 da 1 da 1 da 40, 42 ne. Ranar da suka saɓa ka san a wannan matakin ne hannu ya goce, ba sai ka koma farko ba. Ina kuma rubuta abin da na yi a gefe, L2 − 2L1 (wato layi na biyu a ɗebe ninki biyu na layin farko) da makamantansu, kuma ba na taɓa gyara layi biyu da juna a mataki guda, don ta haka mutum ke ƙirƙirar layin sifili na ƙarya.

Da kaya uku abin daɗi ne. Da aka shiga makon da tumatir da koren wake suka shigo, kaya biyar, na ga bambanci, domin aikin ba a hankali yake ƙaruwa ba: in abubuwan da ake nema suka ninka biyu, lissafin kusan sau takwas yake ƙaruwa. Wannan na bar wa kwamfuta, wadda ita ma hanyar nan take bi. Kuma duk lissafin ya tsaya ne a kan zaton farashi ɗaya aka sayar wa kowa, alhali a Farin Gada kuɗin tumatir da asuba daban, bayan la'asar daban. Shi ya sa a makon tumatir sai da muka raba cinikin safe da na yamma kafin layukan su yarda da juna.