Saƙon godiya bayan gwajin tayirod ɗina ya daidaita

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi. Sakamakon gwajin jinina na baya-bayan nan ya fito, kuma likita ta tabbatar min cewa komai ya koma daidai. Na koma bakin aiki, ƙarfin jikina ya dawo. Saƙonnin barka sun yi yawan da ba zan iya amsa kowanne ba, shi ya sa na ga gara in yi godiyar a bainar jama'a.

Da yawa sun tambaye ni me ke damuna, tunda ba su taɓa ganina kwance a gadon asibiti ba. Tayirod wata 'yar halitta ce a gaban wuya, ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo a wasu mutane, ko da yake tawa ba ta kumbura ba. Aikinta fitar da sinadarai biyu, T4 da T3, masu daidaita saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkewar abinci, har da kaifin tunani. Tawa ta rage aiki, sai komai ya yi sanyi. A wasu mutane ƙarancin sinadarin aidin ne ke jawo haka. Ni kuwa garkuwar jikina ce ke yaƙar halittar, abin da ake kira cutar Hashimoto, sunan likitan ƙasar Japan da ya fara bayaninta a 1912. Ta fi kama mata nesa ba kusa ba.

Wanda ya fi cancantar godiyata, bayan Allah, shi ne Abban yara. Wannan ciwo ba shi da rauni da za ka nuna wa mutane. Sai in kwana ina barci in tashi a gajiye, in ji sanyi kowa na fifita, fata ta bushe, gashi na zuba, ƙiba na ƙaruwa alhali ban ƙara cin komai ba, in ajiye abu in manta inda na sa shi. Mai kallo daga nesa lalaci zai gani, kuma akwai waɗanda suka faɗa min haka a gaban idona. Wannan magana ta fi min ciwon kansa zafi. Abban yara bai taɓa furta ta ba. Ya ɗauki hidimar yara da ta gida ba tare da gori ba, kuma duk lokacin da na ce masa na gaji, ya yarda na gaji. Allah Ya saka maka da mafificin alheri.

Mama, na gode da addu'o'inki da zaman da kika yi a wurina. Yaya, ke ce kika tsaya kai da fata cewa sai an auna jinina, a lokacin da ake ta ce min damuwa ce kawai ko ƙarancin jini. Ba don nacinki ba, da har yanzu ina nan ina fama.

Ina kuma godiya ga likitar da ta ba ni lokacinta ta fahimtar da ni takardar gwajin. Ta bayyana min cewa akwai wata halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa da ke aika sinadarin TSH domin ya zaburar da tayirod. Idan tayirod ta yi nauyi, sai a ƙara aiko shi, don haka hauhawar TSH a jini ita ce alamar cewa aikin ya ragu. A yawancin ɗakunan gwaji, tsakanin 0.4 zuwa wajen 4.0 ake ɗauka daidai ga babban mutum, nawa kuwa ya zarce haka sosai. Ta ɗora ni kan lebotairoksin, wanda shi ne madadin T4 ɗin da jikina ya gaza samarwa, kuma ta gaya min gaskiya tun farko: ba a ganin canji cikin dare ɗaya. Maganin a hankali yake taruwa a jiki, shi ya sa sai bayan mako 6 zuwa 8 ake sake gwaji a ga ko za a ƙara ko a rage. Wannan jiran shi ne mafi wuya a gare ni, kuma sanin dalilinsa ne ya hana ni yanke ƙauna.

Ma'aikacin da ke ba da magani ma ya yi min babban alheri da bayani ɗan kaɗan. A sha ƙwayar da ruwa zalla, da safe kafin a sa komai a ciki, a jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo ko kofi. Maganin ƙarin jini da na kalsiyam kuma a raba su da ita da kamar awa 4, domin suna hana hanji tsotse ta. A ganina ya kamata a riƙa faɗa wa kowane majinyaci wannan tun ranar farko, don mutum na iya shan magani kullum ba fashi amma rabinsa na tafiya a banza.

Abokan aikina da suka riƙe min aikina ba ƙorafi, na gode. Na gode wa maƙwabta da suka yi ta zirga-zirgar dubiya.

Akwai kuma waɗanda suka kawo min shawarar wasu magunguna, wasu kuma suka ce tunda na warke in ajiye ƙwayar. Na san ƙauna ce ta sa, kuma na gode da ita. Amma ku yi haƙuri, ba zan ajiye ba. Lafiyar da kuke gani a jikina maganin ne ke riƙe da ita, kuma mai irin ciwona galibi har ƙarshen rayuwa zai ci gaba da sha. Abin da ya rage min shi ne gwaji aƙalla sau ɗaya a shekara, da komawa wurin likita da wuri idan na samu juna biyu, domin mai ciki takan buƙaci a ƙara mata yawan maganin saboda lafiyar jaririn.

'Yan'uwa mata da kuka turo min saƙo a asirce kuna cewa alamomin nan kamar naku, na ji ku, kuma amincewar da kuka yi da ni ta taɓa min zuciya. Wasu sun tambayi adadin da nake sha. Don Allah kada ku ɗauki nawa, kowa da gwargwadon da jininsa ya nuna, kuma idan ya yi yawa yana jawo faɗuwar gaba, rashin barci da raunin ƙashi. Ku je ku nemi a yi muku gwajin TSH, jini kaɗan ake ɗiba. Duk wadda ke jin tsoron zuwa ita kaɗai ta kira ni, zan raka ta da yardar Allah.

Allah Ya bar zumunci, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.