Ranar da aka zo ɗaukar kwamfiresa a garejina

Ni bakaniken moto ne, wato babur, a Garwa ta Kamaru, na yi shekaru hannuna cikin baƙin mai, kuma in ka tambaye ni abin da ya fi koya min karatu a sana'ar nan ba inji ba ne, aboki ne.

Tare muka yi koyo a hannun patron ɗaya, wato maigidan gareji, tare muka sha zagi, tare muke cin gyaɗa da rogo in rana ta take, har a coci ma benci ɗaya muke zama cikin mawaƙa. Shi bai daɗe a gyara ba ya ce zai koma haya da moto, wai nan kuɗin yake. Akwai wani Alhaji da ke ba yara moto suna biya kullum har kuɗin ya cika ya zama nasu, amma sai an samu wanda zai tsaya maka. Abokina ya zo da yamma ya zauna kan tsohuwar taya ya ce ɗan'uwa ba ni da kowa sai kai. Ko minti biyar ban yi ba na ce mu je. Da na gaya wa matata sai ta ce Maigida ka yi addu'a a kai kuwa? Na ce mata ai taimakon ɗan'uwa ba ya bukatar dogon tunani, har da ɗan wa'azi na yi mata a kan ƙaunar maƙwabci, abin kunya.

To ga inda gizo ke saƙa. Na san mutumin nan yana cacar ƙwallo a waya. Na sani sarai, don a gabana yake cika tikiti ranar Asabar, mu yi ta dariya wai saura ƙungiya ɗaya ta karya shi. Ban taɓa ce masa uffan ba, kuma ban gaya wa Alhaji ba.

Wata huɗu yana biya lafiya lau, daga nan sai tsallake, yau ciwo gobe 'yan sanda sun kama moto, can sai waya a kashe. Aka ce an gan shi a Ngaundare. Cikin zafin watan Afrilu, wanda duk ɗan Garwa ya san shi, lokacin da ko sifana ka taɓa sai ta ƙona ka, Alhaji ya turo yara biyu da amalanke su ɗauki kwamfiresa ta, injin ba da iska na gareji. Ba faɗa ba zagi, ni ma ban hana ba tunda bakina ne ya ɗaure ni.

A gidanmu akwai tsohon Littafi Mai Tsarki na kakana da ya zo da shi daga wajen Mubi, tsohuwar fassarar nan ta 1932, a ciki ana kiran littafin Sulemanu Misalai, sabuwar fassara kuma ta ce Karin Magana. A coci yawanci Filatanci da Faransanci muke ji, amma in raina ya ɓaci Hausa nake nema. Daren nan na buɗe ina neman ayar da za ta lallashe ni, sai na faɗa kan sura 22 aya 26 da 27, inda ake gargaɗi kada mutum ya tsaya wa wani a kan bashi, don in ba shi da abin biya har gadon da yake kwance a kai za a janye. Kai! Na ajiye littafin na yi dariya ni kaɗai. Gado ne a zamaninsu, ni kwamfiresa ce. Sura 25 ta ce mutanen sarki Hezekiya ne suka kwafe wasu daga karin maganar, wajen shekara 700 ke nan kafin haihuwar Yesu, amma kamar a bakin kasuwar Garwa aka zauna aka rubuta.

Da farko na ɗauka darasin shi ne kada ka tsaya wa kowa, shi ke nan. Na kai maganar wurin wani dattijon ikilisiyarmu, tsohon malamin makaranta, ina ta kumfar baki. Ya bar ni na gama sannan ya ce ɗana, karanta sura 27 aya 5 da 6. Ma'anarta, tsawatawa a fili ta fi ƙaunar da aka ɓoye, kuma raunin da aboki ya yi maka na aminci ne. Ya ce duk Asabar ɗin da ka yi dariya da tikitin nan, kai ne ka fara cin amanarsa. Na ce Baba ai kunya ce. Ya ce kunyar da ta ci maka kwamfiresa ta ci masa suna.

Maganar ta yi min ɗaci har kwana uku ban gaishe shi da kyau ba. Amma gaskiya ce. Mu nan mun iya kara, mun iya kawaici, kuma abu ne mai kyau, sai dai wani lokaci tsoro ne kawai muke sa wa rigar kunya. Tsayawa a gaban Alhaji ya fi min sauƙi a kan in dubi abokina ido da ido in ce bar cacar nan, don na farkon yabo ake samu, na biyun kuwa fushi.

Sura 6 ita ta tashe ni tsaye. Ta ce in ka riga ka ɗaure kanka da bakinka, kada ka yi barci, je ka ƙasƙantar da kai ka roƙa, ka kuɓuta kamar barewa daga hannun maharbi. Ni kuwa wata biyu na yi ina fushi a gida ina jiran abokina ya kira. Na shiga mota na yi tafiyar nan ta kusan kilomita 280 zuwa Ngaundare, na same shi kusa da tashar jirgin ƙasa yana dako, ya rame, moton ma ya sayar. Na shirya maganganu masu zafi tun daga hawan dutsen nan na hanya, amma da na gan shi sai na fara da nawa laifin. Mun daɗe zaune a wurin mai shayi. Bai yi kuka ba, ni ma ban yi ba, ya dai ce me ya sa ba ka faɗa min tun lokacin ba, na ce da za ka ji? Ya ce a'a, amma da na tuna.

Muka dawo tare wurin Alhaji aka yanka abin da za a riƙa biya duk wata, kuma mutumin ya yi mana adalci fiye da yadda na zata, ya mayar min da kwamfiresa tun kafin a kai rabi.

Yanzu in wani ya zo neman in tsaya masa, ina duba aljihu in ba shi abin da in bai dawo ba ba zan daina gaishe shi ba, sefa 5,000 ko 10,000, in ce wannan kyauta ce, amma sunana ba na bayarwa. Wasu sun ji haushi, ɗaya ma ya ce Kiristancina ya yi sanyi. Yaran garejina kuma sun gaji da ni, don ranar da na ga tikiti a wayar ƙaramin cikinsu ban jira Asabar ta biyu ba.

Abokin nawa har yanzu da sauran bashi a kansa. Yakan turo ta Orange Money in ya samu, wani watan ya tsallake, in na kira kuma yana ɗauka.